Shiga unguwannin Jos da ake zaune a cakuɗe: kowa ya kawo abin da ya sani

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Duk wanda biki, jinya, karatu ko bautar ƙasa ta kawo Jos daga Kano, Kaduna ko Bauchi, tambayarsa ta farko ita ce wace unguwa zai iya shiga, wacce kuma zai kauce wa. A tasha akan raba masa garin gida biyu, nan na Musulmi, can na Kirista, a sallame shi. Akwai gaskiya a ciki, domin bayan rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, mutane da yawa sun sayar da gidajensu ko sun yi musaya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Sai dai wannan bayani ba ya kai baƙo ƙofar gidan da ya nufa.

Jos garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta jawo Hausawa, Fulani, Barebari, Nupawa, Yarbawa, Ibo da Urhobo, suka haɗu da Birom, Afizere da Anaguta, sannan Angas, Tarok, Mwaghavul, Goemai da sauran mutanen Filato suka cika gari. Har yau akwai unguwannin da duk waɗannan suke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Ina roƙon waɗanda suka san lungu da saƙo su faɗi hanya, lokaci, sutura, gaisuwa da abinci. Zancen wa ya fara, wa ya rama, a bar shi don Allah.

Baban Keke, Farin Gada:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ɓangaren hanya zan ɗauka. Baƙo ya fara sanin ta inda ya shigo. Mai zuwa daga Abuja ta Akwanga zai biyo Mararrabar Jama'a, ya ratsa Bukuru, ya wuce Dadin Kowa kafin ya kai cikin gari, kuma daga Bukuru zuwa Taminus, tsakiyar kasuwancin gari, kusan kilomita 15 ne. Mai zuwa daga Zariya ta Saminaka zai biyo Jengre da Mista Ali ya faɗo Farin Gada. Na Bauchi zai shigo ta Tilden Fulani da Naraguta ya sauka tashar Bauchi Road. Idan mai masaukinka yana Bukuru ko Dadin Kowa kuma daga Abuja kake, kada ka bari a kai ka Taminus, ka sauka a hanya. Mutane da yawa suna ɓata awa guda da kuɗin mota biyu a kan wannan.

An hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru tun 2012. Za ka gan su a cikin unguwanni, amma wanda ya hau a babban titi zai iya samun kansa a ƙasa an kama mashin. Keke da tasi su ne abin hawa, sai manyan bas na gwamnatin jiha masu bin babbar hanya. Kafin ka hau keke, ka faɗi sunan unguwa da sunan layi, sannan ka tambaya a fili: za ka shiga ciki ko a bakin titi za ka aje ni? Yawancinmu kowa yana da layin da ya saba da shi, kuma bayan magariba ba kowa ke son shiga unguwar da ba a san fuskarsa ba. Ba ƙiyayya ba ce, kowa yana kiyaye kansa da kekensa ne. Shi ya sa ake sauya keke a mahaɗa irin su Farin Gada, Gada Biyu, Polo, Biritish da Tina. Ka sauka a mahaɗar, ka hau na 'yan unguwar, su suka san kowane gida.

Ka riƙe canji, 'yan ₦100, ₦200 da ₦500. Rigimar canji a unguwar da ba a san ka ba tana tara mutane cikin minti biyu, kuma taro ne baƙo ba ya so.

Ranaku kuma suna da nasu. Juma'a daga wajen 12 na rana zuwa 3 ana tare hanyoyin da ke kewaye da manyan masallatai, musamman Masallacin Juma'a na cikin gari, 'yan agaji ne ke nuna hanya. Lahadi daga 7 na safe zuwa 12 haka ake yi a gaban manyan coci-coci, 'yan Birged, wato ƙungiyar samarin coci, da masu gadi suna bincika jaka da bayan mota. Wannan ya tsananta ne bayan bama-baman da aka kai wa hedikwatar cocin COCIN da cocin St. Finbarr na Rayfield a 2012, da na Taminus a 2014. Idan an ce ka zagaya, ka zagaya kawai. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar gari, babu zirga-zirga da safe sai wajen ƙarfe 10. A ranakun Sallah, Kirsimeti da sabuwar shekara kuma 'yan sanda sukan dakatar da keke, don haka mai zuwa yawon Sallah ko na Kirsimeti ya tanadi mota tun kafin ranar.

Malamar Dadin Kowa:

Baba, Allah ya saka da alheri. Ni shawarata ga wanda bai taɓa zuwa ba, ya fara da unguwarmu. Dadin Kowa tana kan hanyar Yakubu Gowon tsakanin cikin gari da Bukuru, kuma an san ta da cewa a manyan rikice-rikicen da aka yi dattawa da mata da shugabannin addinai biyun sun tsaya sun hana wuta kamawa. A layi ɗaya za ka ga gidan Bahaushe, na Birom, na Bayarabe, na Angas. Daga nan sai Rantya da gidajen Lokos, wato rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin jiha da ta tarayya, inda ma'aikata suka fi yawa, sai Rayfield ta masu hali, wadda ita katanga da maigadi ne ke raba mutane, ba ƙabila ba.

Abin da ya fi kowace dabara shi ne mai masauki. Ziyarar farko kada ka ce za ka nemo gida da kanka. Yawancin layukan cikin unguwa ba su da allon suna, lambar gida kuma ba ta bin juna, da kwatance ake aiki: bayan makarantar firamare, kusa da injin niƙa, gaban tiransifoma. Baƙon da ya ratsa layi sau uku yana leƙa gidaje, dole matasan unguwa su tare shi da tambaya, kuma suna da hujja. Ku yi alkawari a wuri fitacce a bakin titi, gidan mai ko banki ko ƙofar makaranta, ya zo ya tafi da kai. Idan ya makara, ka sayi ruwa ko kati a shago, ka gaisa da mai shagon, ka faɗa masa wanda kake jira. Daga nan kana da shaida.

Zancen sutura, 'yan'uwana mata. Atamfa riga da zani da ɗankwali tana shiga ko'ina a Jos, babu mai kallonki sau biyu. Mai hijabi tana yawo a Taminus, a Dadin Kowa, a asibiti da jami'a ba tare da wata damuwa ba. Mai wando ko gajeren siket kuwa, idan za ta shiga Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos ko Ali Kazaure, ta sa gyale a jaka ta yafa, ta ɗaura zani. Mai niƙabi za a iya neman ta buɗe fuska a shingen bincike, ta nemi mace ta duba ta. Maza, kaftani da hula kowa na sawa a Filato, har fastoci da sarakunan gargajiya.

Baba na Gyel:

Salama gare ku duka. Ɗiyata Malama ta faɗi gaskiya a kan mai masauki. Ni Birom ne, kuma zan yi magana a kan shiga gidajenmu da na 'yan'uwanmu na Filato a Gyel, Hwolshe, Kabong, Tudun Wada, Jenta da Unguwar Rukuba.

Na farko, Hausa ta ishe ka. Da ita muke ciniki, da ita ake sujada a coci-cocin COCIN da ECWA masu yawa, da ita 'yan zumuntar mata suke waƙa. Tsohuwar da ba ta jin Turanci za ta amsa maka sannu da aiki, ina gajiya, yaya yara. Ka yi gaisuwar nan cikakkiya, kada ka datse ta. Idan kana son ka girmama mutum da kyau, dattijon Birom ana sa masa Da kafin sunansa, dattijuwa kuma Ngo. Na Angas ana ce masa Nde. Baba da Mama kuma ba sa ɓata wa kowa rai.

Na biyu, kada ka yanke wa mutum addini ko ƙabila daga sunansa. A nan akwai Musa, Yakubu, Ɗanladi, Talatu, Laraba da Asabe da suke zuwa coci, akwai Birom da Afizere da Angas Musulmi, akwai gidajen da wa yana masallaci ƙane yana coci. Baƙi da yawa suna sakin baki a mota ko a wurin mai shayi don sun ji sunan na kusa da su sun ɗauka nasu ne. Maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, da ta sarautar Jos, da ta zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ba hirar ziyara ba ce. Mu da muka tsufa a nan ma sai mun zaɓi wuri da lokaci kafin mu taɓa ta.

Na uku abinci, kuma ina so 'yan'uwa Musulmi su ji wannan da kyau. Ka faɗa wa mai masaukinka tun kafin ka zo abin da ba ka ci. Babu wanda zai ji haushi. Gidaje da yawa namansu daga mahautan Musulmi suke saye, kuma a Kirsimeti akwai masu kiran maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya don kowa ya ci. Abin da ke sosa rai shi ne a dafa, a kawo, ka tura kwano gefe ba bayani. Idan kana shakka, ka nemi gwate na ganye, ko acca, ko dafaffen dankalin Turawa, ko kifi. A wasu lunguna ana sayar da burkutu da naman alade da na kare, a wuraren da aka sani. Wanda ba ya so ya wuce abinsa, ban da toshe hanci da tofar da yawu. Idan lokacin salla ya yi, ka tambayi mai gida, zai ba ka ruwa da wuri mai tsabta a cikin gida. Hakan ya fi ka shimfiɗa darduma a bakin layin da ba a saba gani ba.

Sai gargaɗi biyu ga masu zuwa da yara. Kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield, Bukuru da kewayensu suna da zurfi ƙwarai, bakinsu a tsaye yake, ƙasansu laka, ruwan da sanyi. Sun ci mutane, har da waɗanda suka iya iyo. Shingen kyarana da muke kewaye gonaki da gidaje da shi kuma, farin ruwansa yana ƙona fata, idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Duwatsun bayan unguwa ma kada a hau sai an tambaya, wasu wuraren al'ada ne, wasu maƙabarta ce a gindinsu.

Hajiyar Katako:

Baba, mun gode, Allah ya ƙara girma. Bari in juya maganar ga wanda ba Musulmi ba da zai shigo wajenmu. Namiji ba ya faɗawa cikin gida kai tsaye. Ya tsaya a ƙofa ko a zaure ya yi sallama, ya aika yaro, mai gida ya fito. Inda aka rubuta "ba a shiga" a bango, maza ake nufi, mace ta yi sallama ta shige. A cire takalmi a bakin ɗaki. Kada namiji ya miƙa wa matar gida hannu, gaisuwar baki ta wadatar. A watan azumi za a iya kawo wa baƙo abinci da rana, ya ci a cikin ɗaki, amma mafi daɗi ya zo dab da shan ruwa ya tarar da ƙosai da kunun gyaɗa.

Ni kuma na ɗan saɓa da Malama a kan inda za a fara. A ganina kasuwa ce makarantar baƙo. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 ciniki ya watsu a titunan kewaye da sauran kasuwanni. Ka je Farin Gada da sassafe, tsakanin 6 da 9, lokacin da ake sauke tumatir, kabeji, karas, latas da koren wake: manoma 'yan Filato, dillalai Hausawa, masu lodi zuwa kudu Ibo da Yarbawa. A Katako akwai katako, hatsi da gwanjo. A Dilimi kayan gyaran mota. Awa biyu a waɗannan wurare za ka gane yadda mutanen garin ke magana da juna, ka kuma samu wanda zai ce zo mu je gida.

Kada a je gidan mutane hannu rabbana. Ba sai abu mai tsada ba: burodi biyu, ko lemo da ayaba, ko mudun acca ɗaya, ko sabulu ga mai jego. Wanda ya zo daga Kano ya riƙo kilishi ko dabino, ana murna da su a kowane gida. Goro ga tsofaffi yana shiga wajen Musulmi da Kirista. In za ka koma kuma za a haɗa ka da dankali, kada ka ce a'a.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, a kiyayi unguwannin bakin rafin Dilimi idan hadari ya haɗu. Ambaliyar Yulin 2012 ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare da maƙwabtansu. Ruwan Jos daga kan dutse yake gangarowa, kwatar da ka tsallaka a bushe da azahar za ta iya fin ƙarfinka da la'asar.

Ɗan Nasarawa:

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ni Bayarabe ne haifaffen Nasarawa Gwom, inda zuriyar mutanen Ogbomosho suke da yawa, Musulmi da Kirista, sau da yawa a gida ɗaya. Ibo kuma sun fi yawa a Apata da Busa Buji. Abin da nake so baƙo ya gane shi ne, a tsohon gari iyaka ba unguwa-unguwa take ba, layi-layi take. Tsakanin Nasarawa, Congo-Rasha, Dutse Uku, Tina da Unguwar Rukuba, tafiyar minti biyar a ƙafa za ta fitar da kai daga wani yanayi ta shigar da kai wani. Taswirar waya ba ta san wannan ba, gajeriyar hanya kawai take nema, sai ta cusa ka lungun da mota ba ta juyawa. Ka bi babban titi ko da ya fi nisa.

Hoto shi ne abin da ya fi jawo wa baƙi matsala. Kada ka ɗauki masallaci, coci, shingen jami'an tsaro, ko kangon gidan da aka ƙona, sai da izinin mutanen wurin. Kangon nan na wani ne, wataƙila mai shagon da ke kallonka. Mai aikin bincike, ɗan jarida ko ma'aikacin ƙungiya ya fara zuwa wajen mai unguwa da takardarsa, a haɗa shi da saurayi ɗaya ɗan unguwa. Rabin awa ne, amma yana buɗe kowace ƙofa.

Yanzu abin da kowa ke tsoro. Yawancin ranaku lafiya lau ake, amma Jos gari ne da jita-jita ke gudu fiye da mota. Alamun da muke dubawa: masu shago suna jan ƙofa da rana tsaka, keke suna juyowa babu fasinja, iyaye suna rububin ɗauko yara daga makaranta. In ka ga haka, kada ka ruga da gudu, kada ka tsaya kallo, kada ka ce sai ka koma masaukinka ta cikin unguwanni. Idan kana gidan mutane, ka zauna, mai gida ya fi ka sanin lokacin fita da hanyar bi. Idan kana kan titi, ka shiga wuri mai gadi mafi kusa, asibiti, banki, otal ko ofishin 'yan sanda. Kada ka tura wa kowa saƙon "an fara" alhali ba ka gani da idonka ba. Akan sa dokar hana fita cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci ta awa 24 kamar yadda aka yi a Jos ta Arewa a Agustan 2021, don haka ka saurari rediyon jiha, ka kasance da katin shaida, caji a waya da kuɗi a hannu.

Ma'aikaciyar Jinya, Lamingo:

Yayana ya gama magana. Ƙari kaɗan a kan jiki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu sanyin dare da na asuba yana kayar da baƙi, musamman yara, tsofaffi da masu asma. A zo da rigar sanyi mai kauri, safa, hula da man shafawa, a yi wanka da ruwan ɗumi. Da damina ma dare yana da sanyi, wani lokaci har da ƙanƙara. Ruwan rijiya a unguwanni masu cunkoso a tafasa shi ko a sayi na leda. Asibitin koyarwa na JUTH yana Lamingo, akwai Jankwano da asibitin ƙwararru na jiha a cikin gari, da asibitin OLA a hanyar Zariya. Dukansu kowa da kowa suke karɓa. Ka tambayi mai masaukinka wanne ya fi kusa tun ranar da ka sauka, kada sai dare ya yi.

Baban Keke, Farin Gada:

Hajiya da Malama duk kuna da gaskiya, ana iya haɗa biyun a yini ɗaya. A zaɓi Talata, Laraba ko Alhamis. Ƙarfe 7 a Farin Gada, a karya da masa a wurin. Wajen 9 a wuce Katako, daga nan Taminus da titin Ahmadu Bello. Mai sha'awa ya leƙa gidan tarihi da aka buɗe a 1952, yana kusa, akwai kayan Nok, wato gumakan yumɓu na mutanen dā, da kwaikwayon ganuwar Kano. Azahar a ci abinci a gidan wanda ya gayyace ka a tsohon gari, shi zai zo ya ɗauke ka a bakin titi. Ƙarfe 3 a hau motar Bukuru a sauka Dadin Kowa, a yi ziyara ta biyu. Ƙarfe 5 da rabi a kama hanyar masauki, domin daga 6 motoci suna cika, cunkoso yana kamawa a Sakatariya da Taminus, keke masu shiga cikin unguwa kuma suna raguwa. Wanda dare ya riske shi a gidan mutane ya kwana a nan, ya kira masaukinsa ya sanar.